Shari'a da Shaida a Fadar Damagaram

Kafin zuwan nasara, hukuncin manyan laifuffuka a Damagaram yana hannun Sarki da alƙalinsa ne. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, alƙali yana hukunci bisa mazhabar Malikiyya, Sarki kuwa shi ke da kalmar ƙarshe a kan abin da ya shafi jini. Mai ƙara shi zai kawo shaidu, wanda ya musanta kuma a ba shi rantsuwa. Shaidu biyu adilai ake nema, a zargin zina huɗu. Ba kowa ake saurara ba: ana ƙin shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, da ta bawa, da ta duk mutumin da zai ci riba idan an kama wanda ake tuhuma. In an yi kisa, aka sami alama mai ƙarfi amma shaidu ba su cika ba, sai dangin mamaci su yi rantsuwa hamsin. Mutanen da suna tsoron dafa Alƙur'ani ƙwarai, har wani yakan gwammace ya biya abin da bai ci ba da ya rantse.

Bayan yaƙin Tirmini a 1899, Faransawa suka naɗa Ahmadu Ɗan Bassa. Dokarsu ta 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara kotunan ƴan ƙasa a yankunan Afirka ta Yamma da suke mulka, ta miƙa manyan laifuffuka ga kumandan, dattawa biyu suna zaune gefensa. Kumandan ba ya jin Hausa, mai laifi ba ya jin Faransanci, saboda haka magana duk ta koma bakin tafinta. Ran mutum yana iya rataya ga kalma guda da aka juya.

A 1906 aka ga inda wannan tsari ke kaiwa. Shekara ce ta firgita ga nasara: an yi tawaye a Kobkitanda da Karma, an yi na Satiru kusa da Sakkwato. Ana cikin haka sai labari ya isa barikin Zandar cewa Sarki yana shirin hallaka Turawan garin. Aka kama shi tare da wasu manya, har da attajirin nan Malam Yaro, aka tuɓe shi, aka kai shi Kwaddibuwa. Ballama, bawan fada wanda ake ambata cikin waɗanda suka kai maganar, shi aka damƙa wa riƙon ƙasa, sarauta ba ta dawo gidanta ba sai 1923, da naɗin Barma Mustafa.

Masana tarihi sun rabu a kan wannan al'amari. Wasu sun ce shiri ne na gaskiya na korar baƙi, wasu sun ce ƙulli ne aka yi wa Sarki. Abin lura shi ne, da gaban alƙalin Tanimun aka kai ƙarar, da shaidar wanda ya gaji iko bayan faɗuwar ubangijinsa ba ta ko shiga zaure ba. Amma a wannan shari'a, mai ƙara da mai bincike da mai yanke hukunci duk ɓangare guda ne.

Dokar 30 ga Afrilu 1946 ta soke kotunan laifi na ƴan ƙasa, kowa ya shiga ƙarƙashin dokar Faransa. Bayan samun ƴanci, Nijar ta kafa nata kundin hukunta laifuffuka a 1961. Tun daga nan kisa da fashi suka zama aikin jandarma da alƙalan gwamnati, waɗanda da yawansu a jami'ar Yamai suka karanci shari'a. Abin da doka ta bar wa sarakuna shi ne sulhu a kan gona da aure da gado. Idan an daidaita a fada, sai a rubuta takardar sulhu, masu jayayya da shaidunsu su sa hannu ko su dangwala yatsa.