Likitar da Ta Ƙi Jona wa Majinyata Lantarki

A shekarar 1944, likitar ƙwaƙwalwa Nise da Silveira ta kama aiki a asibitin Engenho de Dentro da ke Rio de Janeiro, ƙasar Birazil. A wancan zamani, jona lantarki da fiɗar ƙwaƙwalwa ake kira magani. Da ta ƙi amincewa, sai aka tura ta sashen koyar da sana'o'i, wanda likitoci suka raina.

Can ta buɗe ɗakin zane a 1946. Majinyatan da suka shekara ba su cewa uffan suka soma fitar da fargabarsu da fenti da yumɓu, ita kuwa tana nazarin zane-zanensu bi da bi don fahimtar abin da ke cin ransu. Da ayyukansu ta kafa gidan tarihi a 1952, wanda ke nan har yau.