Motar Kara da Motar Gwangwani: Tarihin Ƙirar Yara a Mubi

Ƙera motar wasa da hannu al'ada ce ta yara maza da ta game ƙasar Hausa da maƙwabtanta, tun daga Maraɗi har gindin duwatsun Mandara. Yaro kan samu kara ko gwangwani ko waya, ya fitar da siffar motar da yake gani a titi, ya sa mata tayoyi masu juyawa, sannan ya ja ta da igiya ko ya tura ta da sanda. Sunanta na bin abin da aka yi ta da shi: motar kara, motar langa-langa, motar gwangwani, motar waya, motar kwali. Al'adar ba ta girmi mota ba, don haka ƙanwa ce ga tsofaffin wasanni irin su langa da kokawa. Abubuwa biyu suka riƙa sauya mata kama a tsawon tarihinta, wato irin motar da ke shigowa gari da irin tarkacen da ke faɗowa hannun yaro. A Mubi da ke arewacin Jihar Adamawa ana iya bin sawun duka biyun.

Garin da ya dogara da mota

Mubi na bakin Kogin Yadzaram, kusa da iyakar Kamaru, a ƙasar Fali da Gude, kuma ta shiga ƙarƙashin daular Adamawa ta Fulani a ƙarni na 19. Jamusawa sun kama ta a 1903, Ingilishi suka karɓe ta a 1914. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, Arewacin Kamaru ya haɗe da Nijeriya ranar 1 ga Yuni na wannan shekara da sunan Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Ta faɗa Jihar Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991. Hausa ce harshen kasuwa da na tasha, kuma da ita yaran unguwa ɗaya kan yi wasa ko da harsunan gidajensu sun bambanta.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Maiduguri a 1964, amma bai taɓa zuwa Mubi ba. Jiragen ruwa na Binuwai kuwa a da Yola da Garwa suke tsayawa, su ma sai ruwa ya cika da damina. Saboda haka da jaki da ɗan dako suka ja baya, mota ce ta gaji aikinsu gaba ɗaya. Ita ke fitar da gyaɗa da auduga da fatu, ita ke shigo da gishiri da kananzir da atamfa. Hanya ɗaya ta yi kudu ta Hong da Gombi zuwa Yola, ɗaya ta yi arewa ta Michika da Madagali da Gwoza zuwa Maiduguri, wata kuma ta bi ta Sahuda ta shiga Kamaru. Ga kasuwar shanu, inda manyan motoci ke lodi zuwa kudancin ƙasar. A irin wannan gari direba babban mutum ne a idon yaro, tasha kuma wurin kallo ce.

Zamanin kara

Tun kafin mota yara na da nasu ƙere-ƙere. Suna gina shanu da dawakai da laka, suna yin kejin tsuntsu da bindiga da kara. Da mota ta bayyana, wannan tsohuwar fasaha aka juya kanta.

Lokacin motar kara shi ne bayan girbin dawa, daga kaka zuwa hunturu, sa'ad da kara ya bushe kuma aikin gona ya yi sauƙi. Karan dawa kashi biyu ne: ɓawo mai tauri a waje, da totuwa mai laushi a ciki. Yaro zai ɓare ɓawon da haƙori ko reza, ya tsaga shi sirara-sirara kamar tsinke, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa. Sai ya riƙa soka tsinken cikin totuwa yana haɗa gaɓa da gaɓa har gindin mota ya fito, ya ɗora kai, ya kewaye bodi. Ba ƙusa, ba gam. Tayoyi kuwa daga sakaina ake fafe su, a goge gefensu a kan dutse har su zagaye, ko a gina su da laka a shanya. Babbar motar katako ta wancan zamani, irin su Bedford, ta dace da wannan aiki ƙwarai, domin bodinta layi-layi ne na katako, kuma tsinken kara na fitar da shi sak.

Aibin motar kara shi ne rashin ƙarko. Ruwa na lalata ta, akuya na cinye ta, ƙane na taka ta. Sai dai kayan aikinta kyauta ne, wanda tasa ta karye da safe yana iya yin sabuwa kafin la'asar.

Langa-langa, gwangwani da waya

Cinikin kamfanonin Turawa ya kawo sabon tarkace. Langa-langa, wato siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar auduga da ta atamfa, yana lanƙwasuwa da hannu kuma yana riƙe siffar da aka ba shi. Bayansa sai gwangwanin madara da na sardin da garwar kananzir. Gwangwanin sardin tamkar an yi shi ne don bodin akori-kura, na madara kuma in an kwantar da shi ya zama tankar mai. Mai son babbar mota zai farke gwangwani da wuƙa da dutse, ya daddage shi ya baje, ya naɗe bakinsa don kada ya yanki hannu, ya huda da ƙusa, ya ɗinke da waya. Dabarun nan a kasuwa ake ɗaukarsu, a gindin masu ƙera fitilar aci-bal-bal da mazurari, waɗanda su ma da gwangwani suke sana'a.

Motar waya ce ta kai al'adar ƙololuwa ta fuskar injiniyanci a wancan zamani. Ana yin gindinta da kakkaurar waya, a ɗaure mahaɗai da siririyar waya ta jan ƙarfe ko da robar da aka tsaga daga tsohon tif na keke. Taya daga tsinkakken silifas ake yanko ta: a kifa marfin kwalba ko bakin gwangwani a kai, a zana da'ira, a bi da reza, a huda tsakiya da ƙusa mai zafi. Abin da ya bambanta ta shi ne sitiyari. Doguwar waya ce da ke tasowa daga tayoyin gaba har ƙugun yaro, an naɗe ƙarshenta zobe. In ya murza zoben dama, tayoyin gaba su karkata dama. Gwanaye kan ƙara naɗaɗɗiyar waya a ƙarƙashin bodi don motar ta riƙa lilo in ta hau gargada, su yi ƙofa mai buɗewa, su rataya safaya a baya. Irin wannan motar waya sananniya ce har a Malawi da Zimbabwe da Afirka ta Kudu.

Samfurin da ake kwaikwaya ya bi abin da ke kan titi. A shekarun arzikin man fetur kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, aka kuma kafa masana'antun manyan motoci, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Enugu. Akori-kura 404 da 504 da babbar Mercedes 911 suka cika hanyoyi, suka cika hannun yara. Daga baya tirelar shanu da tifa da hayis suka biyo, sannan Keke Napep bayan shekarar 2001. Bayan da Boko Haram ta mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014 aka kuma ƙwato garin a watan Nuwamba, motar soja mai bindiga a baya ta shiga jerin abin da yaran yankin ke ƙerawa.

Kwalliya da tsarin wasa

Ba a cewa mota ta kammala sai an yi mata kwalliya, kuma a nan ma manyan motoci ake koyi da su, masu zanen zaki da dawisu da karin magana a goshi. Yaro kan liƙa takardar alewa mai ƙyalli a matsayin fitila, ya sa farar leda a matsayin gilas, ya rataya zaren ulu a gaba, ya yanko robar taya ya yi maganin taɓo. A jikin bodi ya rubuta "Allah ya kiyaye hanya" ko "Sai haƙuri", ya ƙaga lambar mota da biro.

Wasan kansa kwafin tasha ne. Ana share titi a ƙasa, a yi gada da kara, a ware Yola a wannan lungu, Maiduguri a wancan. Wani direba, wani karen mota, wani ɗan kamasho yana kiran "Yola, Yola, saura mutum ɗaya!", wani kuma ya gitta sanda ya zama mai shingen bincike. Ganye ko marfin kwalba ne kuɗi, yashi da shanun laka ne kaya, baki ne inji, har da canjin giya. Kowace unguwa tana da gwaninta, wanda ƙanana ke yi wa hidimar tsinto waya don su samu zama kusa da shi. Ta haka ilmin ke wucewa daga wa zuwa ƙane, ba malami ba littafi.

Takwararta a ƙasashen waje

A Turai da Amurka son ƙaramar mota masana'antu ne suka ɗauke shi. Kamfanin Meccano na Liverpool ya fito da motocin ƙarfe na Dinky a 1934, Matchbox suka biyo a 1953, Hot Wheels a 1968. Wani reshen kuma shi ne na roba da ake sayarwa a warwatse cikin kwali, mai saye ya harhaɗa da kansa. Airfix na Ingila ya yi ƙaramar taraktar Ferguson a 1949, Revell na Kalifoniya ya fitar da jerin tsofaffin motoci a farkon shekarun 1950. A 1958 kamfanin AMT na Michigan ya fara sa ƙarin kaya a kwali ɗaya, yadda mai haɗawa zai zaɓi ya bar motar yadda ta fito daga kamfani, ko ya yi mata kwaskwarima, ko ya mai da ita ta tsere. Daga baya Tamiya na Shizuoka a Japan ya yi fice a wannan fage.

Ana narka robar ne a ɗura ta cikin mazubin ƙarfe, sassan su fito manne da wani firam. Mai haɗawa ya ciccire su, ya goge, ya manna da gam, ya fesa fenti. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 1:24 ko 1:25, wato motar da tsawonta ya kai mita huɗu da rabi za ta dawo kamar santimita 18 ko 19. A can kamfani ne ya yi awo ya yi zane, kuma motar ta ajiya ce a kanta. A Mubi ido ne ma'auni, kuma dole motar ta yi tafiya, shi ya sa ake ba ta tayoyin da suka fi ƙarfin jikinta don kada ta kafe a yashi. Motocin wasa na kanti, irin waɗanda Kingsway da Leventis suka riƙa sayarwa a manyan birane, na 'ya'yan masu hali ne, na haɗawa kuwa ba su taɓa yin kasuwa sosai a Arewa ba.

Zuwan roba

Daga shekarun 1990 kayan wasa na roba daga Sin suka kwararo ta Legas da Anaca da Kano, da arahar da ta kai su tiren mai talla, musamman da Sallah da Kirsimeti. Wannan ya rage wa motar gida kasuwa. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli sun sa waya da langa-langa sun yi daraja, abin da a da ake tsinta a bola yanzu kuɗi ne. Talabijin da wayar hannu kuma sun cinye lokacin da a da ake ɓatawa a gindin bishiya ana lanƙwasa ƙarfe.

Duk da haka robar ta zo da nata tarkacen. Motar kanti ba ta daɗewa take karyewa, sai tayoyinta su koma jikin motar kwali. Ƙaramin injin da aka ciro daga matacciyar rediyo ko na'urar DVD, in an haɗa shi da batir, yana juya taya. Ƙwan tocila ya zama fitila mai kamawa da gaske. Sirinji biyu da siririn tiyo cike da ruwa suna ɗaga bayan tifa ko hannun motar haƙa, bisa ƙa'idar da babbar ke aiki da ita. Jarkar mai da bututun roba da gam mai kamawa nan take sun maye gurbin kara. Masu yin irin waɗannan ba su da yawa, amma aikinsu ya fi na da zurfi, kuma bidiyonsu na yawo a Facebook da TikTok.

Matsayinta a ilmi

Makarantun firamare sun daɗe suna karɓar motar kara ko ta gwangwani a darasin aikin hannu. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya sa koyon fasaha a ƙananan sakandare, ko da yake rashin kayan aiki da wutar lantarki ya daƙile shi a makarantu da yawa. Mubi na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002. A masana'antar mota ta duniya ma ana fara fitar da siffar sabuwar mota ne da yumɓu, dabarar da Harley Earl ya kafa a General Motors tun ƙarshen shekarun 1920. A wannan kamfani ne Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya zana siffar samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, kafin ya shugabanci hukumar tsara motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023.

Yaron da ya ƙera motar waya ya riga ya san awo da daidaita nauyi da yadda sitiyari ke sarrafa taya tun kafin ya ji sunayensu a aji. Wannan shi ne tushen da garejin bakanike da shagon walda da ajin injiniya duk suke buƙata, kuma ya cancanci makarantu su ɗauke shi da muhimmancin da suke ba kowane darasi.