Gidan wasan bolin a Amurka: da da yanzu

Jama'a, yau bari mu ɗan huta da siyasa. Kun san wasan bolin da muke gani a finafinan Amurka, inda ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan shimfiɗa mai tsawon ƙafa 60 don a kayar da sanduna goma masu siffar kwalba? To, gidajen wasan na yau sun yi hannun riga da na zamanin kakanninsu.

A farkon ƙarni na 20, da yawansu a jikin mashaya suke, ga hayaƙin taba, kusan maza zalla. A ƙarshen kowane layi akwai yaro a zaune. Da an kayar da sanduna sai ya diro ya jera su da hannu, ya mayar da ƙwallo. Wani lokaci sanda ta yi tsalle ta same shi a ƙwauri, ga aiki har tsakar dare a kan 'yan kwabbai. Lewis Hine ya ɗauki hotunan irin waɗannan yara wajen 1910, lokacin yaƙi da bautar da ƙananan yara.

Na'urar jera sanduna ce ta sallame su. Kamfanin AMF ya fito da tasa kasuwa a 1952, Brunswick ya biyo baya a 1956. Daga nan aka shiga gina manyan gidaje masu tsabta a sabbin unguwanni, mata da yara suka shigo. Ba kowa ba, fa. Sai a 1950 babbar ƙungiyar wasan ta soke dokar farar fata zalla, kuma a Fabrairun 1968 'yan sanda sun kashe matasa baƙar fata uku a Orangeburg, bayan zanga-zangar da ta faro daga wani gidan bolin da ya hana baƙaƙe shiga.

Yau roba ta maye gurbin katako a yawancin shimfiɗu, kwamfuta ke lissafin maki, ga kiɗa da fitilu kamar gidan biki. Wasu wuraren ma igiya ce ke ɗaure da sandunan tana ɗaga su.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙungiyoyi. A da ma'aikatan masana'anta ɗaya ko maƙwabta kan haɗu duk mako, shekara da shekaru, kamar majalisarmu ta ƙofar gida. Robert Putnam ya nuna a littafinsa Bowling Alone na 2000 cewa masu wasan ba su ragu ba, ƙungiyoyin ne suka watse. Yanzu mutum ya biya kuɗin awa guda, ya yi da abokansa, ya fita bai san sunan na layin kusa da shi ba.