Ƙwayoyin nano da yaƙi da sankarar kaluluwa

Masana kimiyya sun daɗe suna neman hanyar da za a kai maganin sankara kai tsaye ga ƙwayoyin da suka kamu, ba tare da ya taɓa lafiyayyun sassan jiki ba.

Ɗaya daga cikin cututtukan da aka fi sa rai wannan dabara za ta yi wa amfani ita ce limfoma, wato sankarar da ke kama fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, takan kuma bayyana da kaluluwa a wuya ko hamata ko matsematsi.

A Najeriya, nau'in da likitocin yara suka fi sani shi ne limfomar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yaro. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Samaru da Bomo, na cikin manyan cibiyoyin arewa da ake kai masu irin wannan larura.

Asalin cutar

Wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt ne ya fara bayyana cutar a 1958, lokacin da yake aiki a Uganda.

A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a jikin ƙarin, daga bisani kuma bincike ya nuna cewa cutar ta fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

Ƙarin yana saurin girma ƙwarai, domin yakan ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sai dai kuma yana jin magani. Farfesa Victor Anomah Ngu, wanda ya yi aiki a Ibadan, na cikin waɗanda suka sami lambar yabo ta Lasker a 1972 saboda nuna hakan.

Matsalar kemo

Magungunan kemo suna kashe duk wata ƙwayar halitta mai saurin hayayyafa ne, ba sa bambance mai cuta da lafiyayya.

Shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo, jini ya ragu, garkuwar jiki ta yi rauni. Maganin doxorubicin ma yakan yi wa zuciya lahani idan ya taru a jiki.

Yadda dabarar take

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita dubu tamanin zuwa dubu ɗari.

Akan ƙera 'yan mitsi-mitsin ƙunsoshi masu girman nanomita ɗari ko ɗari biyu daga maiƙo ko furotin, a ɗura magani a ciki. Irinsu na farko da aka amince da shi a Amurka shi ne Doxil, a 1995.

Sauran aiki shi ne nuna wa ƙunshin hanya. A nan ne ake amfani da antibodi, wani furotin na garkuwar jiki wanda ba ya kama komai sai alamar da aka yi shi dominta, kamar makulli da kwaɗonsa.

Akasarin ƙwayoyin limfoma, har da na Burkitt, suna ɗauke da wata alama da ake kira CD20. Maganin rituximab, wanda aka amince da shi a 1997, antibodi ne mai neman wannan alama.

Idan aka lulluɓe ƙunshin da shi, manufar ita ce ya bi jini har ya manne wa ƙwayar sankarar, sannan ya saki gubar a wurin.

A 2017 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka ba da rahoton haɗa rituximab da maganin Abraxane, suka gwada a kan ɓeraye, daga baya aka shiga matakin farko na gwaji a kan mutane.

Da sauran rina a kaba

Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a gwaje-gwajen dabbobi, abin da ke isa ga ƙari daga ƙwayoyin nanon da aka yi allurarsu bai cika kashi ɗaya cikin ɗari ba. Hanta da saifa ne ke tace mafi yawansu.

Abin da ya riga ya shiga asibitoci shi ne ɗan'uwan wannan dabara, inda ake ɗaura maganin a jikin antibodi ba tare da ƙunshi ba. Misali shi ne Adcetris na 2011 da Polivy na 2019, kuma dukansu suna da ɗan karen tsada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara suna warkewa a ƙasashe masu arziki, amma a ƙasashe matalauta da dama ba su kai kashi 30 ba.

A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin ɗaga adadin zuwa kashi 60 kafin 2030, kuma limfomar Burkitt na cikin cututtuka shida da ta sa a gaba.

Dalilan giɓin sun haɗa da jinkirin zuwa asibiti, da tsadar magani, da katse jinya kafin a kammala. Saboda haka likitoci ke jan hankalin iyaye cewa kumburin da ke ƙaruwa cikin 'yan kwanaki a fuska ko cikin yaro, ko haƙoran da suka fara girgiɗa ba dalili, abu ne na garzayawa asibiti.