Duwatsun Hatta da Jan Ƙarfen Magan

Yawancin ɗalibanmu da ke karatu a Dubai ba su san komai game da ƙasar ba in ban da rairayi da dogayen benaye. Amma duk wanda ya kama hanyar Hatta, wadda ke da nisan kimanin kilomita 130 daga cikin birni, zai ga rairayin ya ƙare, wasu duwatsu baƙaƙe da jajaye-jajaye, tsirara ba ciyawa, sun tare gabansa. Waɗannan su ne duwatsun Hajar, kuma tun kafin a san man fetur su ne arzikin wannan yanki.

Masana sun kasa duwatsu gida uku, na Hatta kuwa suna cikin gidan da ake kira 'ya'yan wuta, wato waɗanda asalinsu narkakken dutse ne daga cikin ƙasa. Idan narkakken dutsen ya tsaya a can ƙasa ya huce sannu a hankali cikin dubban shekaru, ƙwayoyinsa kan samu sukunin girma har ido ya gan su. Haka aka samu giranit, mai haske, irin na Kufena a Zariya, da kuma gabaro, baƙi mai nauyi saboda yawan ƙarfen da ke jikinsa. Idan kuwa ya ɓullo waje ta bakin dutse mai aman wuta, iska ko ruwa suka sanyaya shi nan da nan, sai ƙwayoyin su kasance ƙanana ƙwarai. Shi ne basal, irin wanda ya lulluɓe tsaunin Biu a jihar Borno.

Abin mamaki game da duwatsun Hajar shi ne a ƙarƙashin teku aka haife su. Kimanin shekara miliyan 95 da suka wuce, narkakken dutse ya daskare a gindin wani tsohon teku mai suna Tetis, daga bisani motsin ƙasa ya cicciɓo wannan gindin teku ya ɗora shi a kan gefen yankin Larabawa. Shi ya sa masu binciken ƙasa daga ko'ina ke tururuwa zuwa Oman da Daular Larabawa, don a nan mutum na iya taka abin da ya kamata a ce yana can ƙasan teku. Ruwan zafi da ke ratsa wannan basal tun yana cikin teku shi ya tara jan ƙarfe a jikinsa.

Rubuce-rubucen mutanen Sumar da Akad, a Iraƙin yau, sun yi ta ambaton wata ƙasa mai suna Magan da suke sayo jan ƙarfe daga gare ta, kuma mafi yawan masana sun amince Oman da Daular Larabawa ake nufi. Sarki Sargon na Akad, wajen shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi alfahari da jiragen ruwan Magan da ke tsayawa a tasharsa. Shi kuwa Gudeya, mai mulkin Lagash, daga Magan ya sa aka ɗauko masa baƙin dutsen da aka sassaƙa mutum-mutuminsa, waɗanda wasunsu ke gidan tarihi na Louvre a Paris. A 1959 masu tono daga Denmark suka fara aiki a tsibirin Umm an-Nar kusa da Abu Dhabi, inda suka gano kaburbura da matsugunin mutanen wancan zamani. A 2002 kuma aka gano Saruƙ al-Hadid a cikin saharar Dubai, wurin da maƙeran wani zamani na baya suka bar tulin kashin makera a kan rairayi.

Mu ma muna da namu. Giranit ɗin Jos da na Riruwai a kudancin Kano, masu shekara wajen miliyan 170, kuza suka haifar maimakon jan ƙarfe. Mutanen Riruwai sun daɗe suna narkar da ita suna sayarwa kafin zuwan Turawa, kuma sawun wannan ciniki Kamfanin Neja ya bi har ya kai ga tsaunin Jos. A ganina darasin tarihi a makarantunmu ya yi wa waɗannan maƙera rowa, don da wuya ka samu ɗalibin sakandare a Kano da ya taɓa jin labarinsu.

Yau jan ƙarfe ba shi ne abin nema a wannan ɓangare na Hajar ba. Gabaron ake fasawa, musamman a Fujaira, ana jigilar tsakuwarsa a manyan motoci da jiragen ruwa don shimfiɗa tituna da zuba kankare a Dubai da maƙwabtanta irin su Ƙatar da Kuwait.