Birkeland da Kwararar Lantarki a Sararin Samaniya: Tarihin Wata Jayayya

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin wata jayayya da ta ɗauki masana kimiyya kusan shekara 60 kafin a raba gardama. Tambayar da aka yi ta ja-in-ja a kanta ita ce: shin akwai lantarki mai kwarara daga sararin samaniya zuwa duniyarmu ta bin layukan maganaɗisunta, ko kuwa babu?

Mafarin Al'amari

Tun a 1600 William Gilbert na Ingila ya bayyana cewa ita kanta duniya ƙaton maganaɗisu ce. A 1741 Celsius da Hiorter, a birnin Ufsala na Suwidin, suka lura allurar kamfas takan yi rawa idan orora ta bayyana, watau hasken nan mai launi-launi da ake gani da dare a ƙasashen ƙurewar arewa. Da Oersted ya nuna a 1820 cewa kwararar lantarki na karkatar da allurar, sai aka fara zaton akwai lantarki a sama. Abin da ya rage shi ne sanin hanyarsa.

Ra'ayin Birkeland

Kristian Birkeland (1867–1917), masanin fiziya ɗan ƙasar Norwe, ya kafa tashoshin awo huɗu a 1902–1903: a arewacin Norwe, da Aisilan, da Sifitsbagan, da Nobaya Zemliya. Haka kuma ya ƙera 'yar ƙwallo mai maganaɗisu, ya sa ta cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ya harba mata ƙwayoyin lantarki, sai ga zoben haske a kusa da kowane ƙarshenta. A littafinsa na 1908 ya ce ƙwayoyin da ke zuwa daga rana su ke haddasa lantarki mai gangarowa ta layukan maganaɗisu, ya ratsa saman iska, sa'an nan ya koma.

Adawar Chapman

Bayan rasuwar Birkeland a Tokiyo, Sydney Chapman (1888–1970), gwanin lissafi ɗan Ingila, ya zama jagoran wannan fanni. A ganinsa lantarkin na kewayawa ne kurum a cikin saman iska, nisan kilomita 100 ko fiye daga ƙasa. Hannes Alfvén na Suwidin ya goyi bayan Birkeland tun 1939, amma maganarsa ba ta karɓu ba.

A nan ya kamata mu yi adalci. Duk awon da ake da shi a wancan zamani daga doron ƙasa aka yi shi. Naoshi Fukushima na Japan ya nuna ta lissafi a 1969 cewa tsarin Birkeland da na Chapman na iya barin alama iri ɗaya a ma'aunin da ke ƙasa. Ke nan hujjar da ke hannu ba ta isa yanke hukunci ba, sai kwarjinin babban malami ya rinjayi jama'a.

Raba Gardama

Gani ya kori ji. Wani tauraron ɗan'adam na sojojin ruwan Amurka, wanda aka harba a 1963, ya auno hargitsin maganaɗisu a saman yankin orora. A 1967 Cummings da Dessler suka fassara shi da cewa lantarkin Birkeland ne. A 1976 Iijima da Potemra suka zana taswirarsa daga awon tauraron Triad, ƙarfinsa kuwa ya kai miliyoyin amfiya. A 1979 kumbon Voyager 1 ya auno irinsa tsakanin Mushtari da watanta Io.

Kammalawa

Darasin da muka tsinta shi ne, inda awo ya gaza, rinjayen ra'ayi ba ya zama hujja. Wajibi ne mu malamai mu riƙa nuna wa ɗalibanmu bambancin abin da aka auna da abin da aka ɗauka, domin kada su haddace na biyun da sunan na farko.