SALLAR GANI A DAURA: ASALINTA DA ABIN DA TA RIƘE MANA

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya yi zaman Daura ya san cewa ban da Ƙaramar Salla da Babbar Salla, akwai ta uku, watau Sallar Gani. Ana yin ta ne a watan Rabi'ul Awwal, wanda Hausawa ke kira watan Gani, domin murnar haihuwar Annabi (SAW). Malamai su raya dare da karatu da bege, Sarki ya hau, hakimai su biyo da dawakinsu su yi gaisuwa.

Amma a Daura, Gani rana ce ta tuna asali kuma. Nan ake ta da labarin Daurama da Bayajida, da macijin rijiyar Kusugu wanda, in ji masu tarihi na baka, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ran Juma'a. Sarautar Magajiya da ke nan har yau, da Hawan Magajiya da ake yi da Salla, duk suna tunatar da mu zamanin da mata ke mulkin garin.

Wannan gado ya sha gwagwarmaya. A 1805 mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafa Zango da Ɓaure. Sai a 1904 Turawa suka mai da sarautar ga Malam Musa na gidan Zango. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sannan Alhaji Muhammadu Bashar har 2007, Allah ya jiƙansu. Da komawar gidan ne al'adun fada suka sake zama da gindinsu.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. Kanawa na da Takutaha, inda ake hawan Dala. Mutanen Borgu na da tasu Gani. A tsibirin Lamu na ƙasar Kenya ma, Maulidi na haɗa zikiri da tseren jakuna da na jiragen ruwa.

Gaskiya ne malamai sun sha bamban kan hukuncin Mauludi, musamman tun kafuwar Izala a 1978. Wannan fagensu ne. Namu shi ne tarihi. Yaran yanzu suna kallon dawaki, amma kaɗan ne za su iya lissafa Hausa Bakwai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In Gani ta zagayo, mu kai 'ya'yanmu Kusugu, mu zaunar da su gaban dattawa tun suna raye.

Allah ya maimaita mana, amin.